Fursuna Ɗaya, Cuta Biyu: Wace Hanyar Magani Ta Fi Dacewa a Gidan Gyaran Hali?

A ce matashi ne ɗan shekara 27, direban adaidaita sahu. Shekara huɗu ke nan yana haɗiyar tiramadol don ya jure aikin safe zuwa dare, da yamma ya ɗora wiwi, in barci ya gagara ya nemi rochi. Wata shida kafin a kama shi mutanen gida suka fara lura yana magana shi kaɗai, ya daina cin abincin matar yayansa wai ana zuba masa wani abu a ciki. Ran nan ya rotsa wa wani fasinja kai, ya ce turo shi aka yi ya bi sawunsa. Yanzu yana gidan gyaran hali yana jiran shari'a. Kwana uku da shigarsa ga gumi, ga zawo, ga ciwon gaɓoɓi, ba ya runtsawa, cikin dare sai ihu, 'yan ɗaki kuma sun fara gajiya da shi.

Irin wannan matashi ba shi kaɗai ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka sha wani nau'in kayan maye a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 tiramadol da danginsa, miliyan 2.4 maganin tari mai kodin. A ɗaya ɓangaren, a 2025 hukumar gidajen gyaran hali da kanta ta ce fursunoni fiye da 8,000 ne ke fama da taɓin hankali a hannunta. Wani babban nazari da ya tattara bincike daga gidajen yarin ƙasashe daban-daban, wanda aka wallafa a 2022, ya gano kusan rabin fursunonin da ke da taɓin hankali mai tsanani ko ciwon damuwa mai zurfi suna kuma fama da shaye-shaye. Wato wanda ya zo da cuta biyun ba ya cikin tsiraru, shi ne rabin layin da ke gaban ɗakin magani.

To me za a yi da shi? Hanya uku ake bi a duniya. Ko a yi maganin ɗaya a gama sannan a koma kan ɗayar, ko a yi biyun lokaci guda amma kowace a hannun mutanenta, ko kuwa a damƙa cutukan biyu a hannun tawaga ɗaya. Masu wannan zaɓi sun fi yadda ake zato yawa: malamin asibitin da ke cikin gidan, gwamnatocin jihohi da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba su damar kafa nasu gidajen gyaran halin, ƙungiyoyin da ke kai gudummawar magani, lauya mai neman beli, da uwar da ke zuwa ziyara da kwanon tuwo a hannu. Zan bi da wannan matashin ta kowace hanya mu ga inda za ta kai shi.

Hanya ta farko: ɗaya bayan ɗaya

Masu wannan ra'ayi cewa suke taura biyu ba ta taunuwa. A bari ƙwaya ta fita daga jikinsa tukuna, a ga abin da ya rage. Kuma ba zancen banza suke yi ba. Wiwi kaɗai na iya sa mutum ya ji muryoyi ya riƙa zargin kowa. Yanke tiramadol farat ɗaya kan zo da firgita da gane-gane ga wasu, ban da ciwon jiki. Wanda ya daina ƙwaya jiya, yau dole ransa ya yi baƙi, barci ya ƙaurace masa. In likita ya yi gaggawar cewa ciwon hauka ne na dindindin, sai a ɗora wa mutum maganin shekara da shekaru da tabon suna alhali abin da ke damunsa na makonni ne. Shi ya sa likitocin ƙwaƙwalwa ke da ma'auni: idan alamomin sun zarce kamar wata guda bayan mutum ya daina shan komai, ana kyautata zaton cutar tana tsaye da ƙafarta, ba ƙwaya ce kaɗai ta kawo ta ba.

Akwai wani abin da wannan hanya ta yi daidai a kai, shi ne ɗaukar makon farko da muhimmanci. Yankewar tiramadol azaba ce, amma yankewar rochi da dayazafam da giya ita ce mai kisa, domin tana kawo jijjiga da rikicewar hankali. Wanda ya saba da su ba a yanke masa rana ɗaya, ana rage masa ne sannu a hankali ƙarƙashin idon ma'aikacin lafiya. Ƙa'idojin Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 kan yadda ake riƙe fursuna, sun faɗa a ƙa'ida ta 30 cewa a duba kowane sabon shiga da wuri, a lura da alamun yankewar ƙwaya da haɗarin kashe kai. Wannan duba na farko ba shi da tsada, tambaya ce da gwada hawan jini da sa ido, amma rayuka da yawa na rataye a kansa.

Inda hanyar ke karyewa shi ne zaton da aka gina ta a kai, cewa da zarar ƙofa ta rufe ƙwaya ta yanke. Babu ƙasar da ta iya tsare gidan yarinta daga ƙwaya ɗari bisa ɗari. In haka ne, watan nan guda da ake jira ba zai taɓa cika ba, kullum lissafi na komawa farko. A tsawon jiran kuwa matashinmu yana kwance a ɗaki mai cunkoso yana ganin kowa maƙiyi. Zai zagi wani, a dake shi. Zai ƙi fitowa ƙirga, a rubuta masa taurin kai, a kai shi ɗakin horo, inda kaɗaici zai ƙara hargitsa shi. Ƙa'ida ta 45 ta hana kulle mai taɓin hankali shi kaɗai in hakan zai tsananta masa, amma wanda ba a gano cutarsa ba wa zai ce ƙa'idar ta shafe shi?

Sannan ko da an tabbatar wiwi ce ta tayar da abin, ba a gama ba. Nazarin da ya bi diddigin irin waɗannan marasa lafiya ya nuna kusan ɗaya cikin uku na waɗanda wiwi ta jefa cikin taɓin hankali daga baya cutar kan zauna musu. Sallamar mutum da cewa ai ƙwaya ce, ka daina kawai, kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Wani lokaci kuma jerin kan juye: a fara da hauka a manta da ƙwaya. A danna masa Largactil, tsohon maganin taɓin hankali, ya yi laushi, ɗaki ya samu barci, kowa ya ce an samu sauƙi. Amma Largactil na sauƙaƙa wa jijjiga hanya, tiramadol ma haka, musamman irin na kan titi mai miligiram 200 ko 225, alhali wanda aka yarda a sayar a ƙasar nan 50 ne da 100. In yana ci gaba da samun ƙwayar a ɓoye, ko jikinsa na tsakiyar yankewar rochi, wata rana sai a ga ya faɗi yana kumfa a ce farfaɗiya ce ta same shi.

A ganina wannan hanya kayan aikin makonnin farko ce, ba tsarin magani ba ce. Ta dace da wanda alamominsa masu sauƙi ne, yana cin abinci, ya san inda yake, ba ya barazana ga kansa ko wani. Ga matashinmu da ya fara zarge-zarge wata shida kafin kamu, jira zalunci ne.

Hanya ta biyu: kowa da nasa

Wannan ita ce abin da ya fi faruwa a wurinmu in an yi sa'a. Likitan ƙwaƙwalwa kan shigo lokaci-lokaci, ko a ɗauki fursuna da rakiyar gandirobobi zuwa asibiti irin na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato ko na Maiduguri, a rubuta masa magani. A gefe guda kuma wani jami'in ba da shawara daga hukumar NDLEA, ko wata ƙungiya, ko malami mai wa'azi, na tara masu shaye-shaye yana yi musu nasiha. Kyawunta a fili yake: ba ta bukatar a gina komai sabo, kowa na yin abin da ya iya, kuma ba a bar cuta ɗaya tana jiran ɗaya ba. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, ba zan raina wannan ba.

Matsalarta ita ce tufka da warwara, kuma misalin da ya fi damuna shi ne na Exol. Tsofaffin magungunan taɓin hankali masu araha, irin su halofaridol da Largactil, kan sa wuya ya sandare, hannu ya yi rawa, yawu ya riƙa zuba. Don rage wannan ake haɗawa da Artane ko Exol. To wannan maganin shi ne dai ezol ɗin da matasa ke saya a bakin kasuwa don maye. Likitan da bai tambayi tarihin shaye-shaye ba zai rubuta na wata guda a miƙa wa fursuna a leda. A cikin gidan yari wannan leda kuɗi ce. Ko ya shanye na mako a kwana biyu, ko ya sayar ya sayi sabulu da garin kwaki, ko wani ƙato ya ƙwace. Shi kuma mai nasihar ƙwaya bai ma san an rubuta ba.

Ta ɗaya gefen ma haka. Mai nasiha ya tsaya da kyakkyawar niyya ya ce ƙwaya ƙwaya ce, wanda ya tuba ya tuba gaba ɗaya, ya dogara ga Allah. Matashinmu ya ji wa'azi ya shige shi, sai ya zubar da halofaridol ɗinsa tare da tiramadol. Bayan mako uku muryoyi suka dawo. Ba laifin wa'azin ba ne, malamin bai san akwai ƙwayar da barinta ne halaka ba, don ba wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa. Haka in aka ba wa mai ciwon damuwa amitiriftilin ko fulokzetin alhali yana shan tiramadol, haɗin na iya kawo zazzaɓi mai zafi, karkarwa da rikicewa, ko jijjiga. Likita zai kauce wa wannan ne kawai in ya san gaskiya, fursuna kuwa ba zai faɗi gaskiya ba in ya san maganar za ta kai kunnen mai horo.

Abin da ya fi komai nauyi a nan shi ne, a wannan tsari mara lafiyar ne ɗan aike tsakanin ɓangarorin biyu. Shi ake so ya tuna abin da likita ya ce ya kai wa mai nasiha, ya tuna ranar komawa asibiti, ya yi magana in magani ya ƙare. Mutumin da cutarsa ita ce rikicewar tunani aka ɗora wa aikin haɗa kan masu yi masa magani. In ya gaza kuma a ce ba ya ba da haɗin kai. Ƙara da cewa kowace fita asibiti na bukatar mota da mai da masu rakiya, ranar da aka rasa ɗaya daga ciki an rasa ganin likita ke nan.

Hanya ta uku: hannu ɗaya

Wannan tunani ya yi ƙarfi ne a Amurka daga shekarun 1980, musamman a jihar Niu Hamsha inda Robert Drake da abokan aikinsa suka lura marasa lafiyarsu na yawo tsakanin ƙofa biyu, kowace na cewa sai ka je ɗayar tukuna. Abin da suka kawo mai sauƙin faɗa ne: tawaga ɗaya, fayil ɗaya, shiri ɗaya. Wanda ke ba da allurar taɓin hankali shi ne ke tambaya yaushe ka sha ta ƙarshe, me ya sa ka sha. Ana tafiya mataki-mataki, a fara da samun yardar mutum, sannan a ja hankalinsa ya ga alaƙar ƙwayar da ciwonsa, sannan aikin dainawa, sannan tsaron kada a koma ruwa. In ya koma ruwa ba a korarsa daga shiri, ana ɗaukar abin kamar yadda ake ɗaukar tashin sukari ga mai ciwon sukari, alama ce ta a sake duba magani.

A hannun irin wannan tawaga, matashinmu za a rage masa rochi a hankali, a ba shi maganin zawo da ciwon jiki, a kuma fara masa maganin taɓin hankali tun makon farko saboda tarihin wata shidan nan, tare da rubuta cewa za a sake auna ganewar cutar bayan wata ɗaya da bayan wata uku. Wato hikimar hanya ta farko ba a yar da ita ba, an shigo da ita ciki. Exol ba za a ba shi ba sai in illar ta bayyana, in an ba shi kuma a gaban nas zai haɗiye. In ya nuna ba zai riƙe shan ƙwaya kullum ba, sai a koma allura mai daɗewa a jiki irin Modecate, wadda ake yi bayan 'yan makonni, ba ta saiduwa ba ta ƙwatuwa.

Akwai hujja daga cikin gidan yari. A jihar Kolorado ta Amurka an raba fursunoni maza masu cuta biyun gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka ba su kulawar ƙwaƙwalwa da aka saba, ɗaya kashin aka zaunar da su a sashe guda inda ake haɗa magani, koyon sarrafa tunani, da rayuwar taimakon juna. Sakamakon da aka wallafa a 2004 ya nuna shekara guda bayan saki kashi 33 cikin 100 na rukunin farko sun koma gidan yari, na biyun kashi 9 kacal. Waɗanda suka ci gaba da shirin a waje bayan saki su suka fi kowa tsira.

Sai dai ba zan sayar wa mai karatu da abin fiye da kuɗinsa ba. Masu tace bincike na Cochrane sun duba gwaje-gwaje 41 a 2019 kan masu taɓin hankali mai tsanani da shaye-shaye, suka ce babu hujja mai ƙarfi da ke fifita wani salon nasiha ko tsarin kulawa a kan wani, domin yawancin binciken ƙanana ne kuma mutane da yawa kan fice kafin a gama. Na Kolorado ma bincike ɗaya ne, a kan maza da aka riga aka yanke wa hukunci, masu kusan shekara guda a gabansu, a gidan da ke da ma'aikata da gado da abinci. A nan kuwa kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke, ba wanda ya san ko gobe za su fita ko bayan shekara huɗu. Ba a tsara shirin wata goma sha biyu ga mutumin da ba a san kwanansa ba.

Akwai kuma haɗarin suna ba aiki. A ware ɗaki a rubuta masa sashen kulawa ta musamman, a tara duk mai ihu da mai ƙwaya a ciki, ba nas ba magani. Mun san wannan tarihi. Shekaru da dama gidajen yarin ƙasar nan, musamman na Inugu, sun riƙe mutanen da ba su yi laifin komai ba sai taɓin hankali, ƙarƙashin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ƙungiyoyi irin su PRAWA suka yi ta fafutukar fito da su. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbinta. Duk jihar da za ta buɗe sashe na musamman ta fara ɗaukar ma'aikata kafin ta sa tubali.

Duk da haka ni wannan hanyar na zaɓa, kuma dalilina bai tsaya kan alƙaluman Amurka ba. Kurakuran da suka fi kashe mutane a hanyoyi biyun farko, haɗa magungunan da ba sa haɗuwa, barin magani saboda gurguwar fahimta, jiran da ba ya ƙarewa, duk daga rashin mutum ɗaya da ya san labarin gaba ɗaya suke tasowa. Wannan mutum ɗayan kuwa ba lalle sai babban likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008 don koya wa nas da ƙananan ma'aikatan lafiya gano taɓin hankali, ciwon damuwa, farfaɗiya, shaye-shaye da haɗarin kashe kai, duk a littafi guda, Najeriya kuma ta karɓe shi. Nas ɗaya da aka horar, da fayil ɗaya, da likitan da zai ɗaga waya sau ɗaya a mako, da zaman rabin awa tsakanin nas da jami'in walwala da limamin gidan ko fasto, wannan ma haɗaɗɗen magani ne. Bambancinsa da hanya ta biyu ba kuɗi ba ne sosai, sanin wanda za a tambaya ne in abu ya lalace.

Ba kowa ne na kowace hanya ba

Abu biyu za a auna, tsananin kowace cuta da tsawon zaman da ya rage. Wanda shaye-shayensa ya yi nisa amma damuwarsa mai sauƙi ce, jagorancin ya kasance a hannun masu maganin ƙwaya, a riƙa duba ransa lokaci-lokaci. Sau da yawa baƙin cikin kan washe da kansa bayan 'yan makonni. Wanda taɓin hankalinsa ne babba, wiwi kuma jefi-jefi, nas ɗin ƙwaƙwalwa ya riƙe shi ya haɗa da zancen wiwin. Wanda duka biyun suka yi tsanani shi ne ba ya jure rabuwar hannu ko kaɗan.

Akwai kuma wanda babu ɗaya daga cikin ukun da ta dace da shi, domin ba gidan yari ne wurinsa ba. Mutumin da bai san inda yake ba, ya daina ci da sha, yana shafa ƙazanta, ko ya yi yunƙurin rataye kansa, asibiti yake bukata. Ƙa'idar Mandela ta 109 ta faɗi haka, dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ma ta ba shugaban gida ikon ƙin karɓar wanda aka kawo masa hankalinsa a gushe, ta kuma tanadi mayar da fursuna asibitin ƙwaƙwalwa. Lauya ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a na iya roƙon kotu ta sa a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa, iyali kuma su kawo duk wani tsohon katin asibiti da suke da shi, domin takarda ɗaya mai kwanan wata kafin laifin ta fi rantsuwar mutum goma. Abin takaici, sashe na 231 na kundin dokokin hukunta laifi, wato Penal Code, da ake aiki da shi a Arewa ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, wanda hakan ke sa mai wannan tunani ya yi shiru. Gana ta soke irin wannan doka a 2023.

Mata ba su da yawa a gidajen yari, shi ya sa ake mantawa da su. Da yawa daga masu shan kodin ko allurar fenta akwai duka ko fyaɗe ko mutuwar aure a bayan labarinsu, kuma nasihar dainawa da ba ta taɓa wannan miki ba ba ta daɗewa. Mai juna biyu kuma ba a yanke mata irin waɗannan ƙwayoyi farat ɗaya, cikin na iya zubewa.

Ga iyaye kuma, in an samu beli, wani zai ba da shawarar a wuce da shi gidan mari. Na san abin da ke kai mutane can, gajiya ce da tsoro da rashin kuɗin asibiti. Amma abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum wajen 300 da yawansu cikin sarƙa, da abin da ya biyo baya a Daura da Katsina da Zariya, ya isa ishara. Mari na hana ƙafa zuwa wurin dila, ba ya kashe muryar da ke cikin kai, ba ya hana jijjigar yankewa. Addu'a da ruƙiya ba sa faɗa da allura, a yi su tare.

Ranar fita

Duk hanyar da aka bi, a bakin ƙofa ake gane ingancinta. A jihar Washintan ta Amurka an bi sawun mutum sama da 30,000 da aka saka, aka ga a mako biyun farko haɗarin mutuwarsu ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Dalilin a jiki yake. Wanda ya yi watanni bai sha ba, ko yana shan kaɗan, jikinsa ya manta, in ya koma kan adadin da ya saba numfashi sai ya tsaya. Jihar Rod Ayland, ita ma a Amurka, ta fara ba fursunoni magungunan da likita ke bayarwa a madadin ƙwayar, irin su metadon da bufurenofin, a 2016, tare da haɗa su da asibiti a waje, mutuwar sababbin saki ta faɗo daga 26 a rabin farko na 2016 zuwa 9 a rabin farko na 2017. A Ingila ma an ga irin wannan raguwa a watan farko bayan saki. Can yawanci masu hodar iblis ta hirowin ne da allura, namu tiramadol ne da kodin da ake haɗawa da rochi, don haka ba kowane namu ne zai bukaci metadon ba. Amma mantuwar jiki ɗaya ce, haɗa kodin da maganin barci kuma na danne numfashi ko a ina.

A wurinmu saki kan zo ba zato. Babban alƙalin jiha ya kai ziyara ya sallami mutane, gwamna ya yi afuwar sallah, wani attajiri ya biya tara da azumi. A Nuwamban 2023 ma'aikatar cikin gida ta tara naira miliyan 585 ta biya wa fursunoni 4,068 tara. Alheri ne babba. Amma a cikin dubban nan akwai wanda allurarsa saura kwana biyar, ya fita da kuɗin mota ba takarda. A hanya ta farko ba a ma fara masa maganin ƙwaƙwalwa ba. A ta biyu fayil ɗinsa biyu ne a wuri biyu, ba wanda ya san an sake shi. A ta uku ne kawai ake da mutumin da aikinsa ne ya rubuta takardar sallama tun makon farko ya ajiye, yana sabunta ta, saboda ya san ƙofa na iya buɗewa kowace safiya.

Don haka in Inna ta zo ziyara, bayan ta miƙa kwanon tuwo, ta nemi ganin malamin asibiti. Ta ce, Malam, wane magani yake sha, wa ke ba shi, a gabanka yake haɗiyewa? Ka san yana shan tiramadol da rochi kafin a kawo shi? Ta faɗa ko da kunya, ba ɗanta take tona wa asiri ba. Ranar da za a sake shi kuma kada a bar harabar sai da takarda mai sunan cutar, sunan magani da adadinsa, ranar allura ta gaba, da asibitin da zai je. A nemi maganin aƙalla mako biyu a hannu, wani babba a gida ya riƙe shi. Wanda zai je ɗauko shi ya zama yayansa ne ko kawunsa, ba abokan tasha ba, kuma a daren farko da na biyu kada ya kwana shi kaɗai a shago.